Shekarun da na yi ina kamo hoto daga sama

Assalamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin ɗakin injina ne a gidan talabijin, daga baya na koma ɗaura dish, yanzu kuma ina zaune a shago ina ceto tsofaffin kaset. Na rubuta wannan ne saboda yaran da suka shigo sana'ar a zamanin waya da intanet, su san hanyar da hoto ke bi kafin ya iso ɗaki a wancan lokaci, su kuma ji abin da ya same mu da zamani ya juya.

A ƙaramin gari aka haife ni, gidanmu ko lantarki babu. Akwatin talabijin na farko da na gani na gidan kallo ne da gwamnati ta ajiye a ƙofar fada, baƙi da fari, ana tayar masa da ɗan janareta bayan magariba. Yara na rububin wurin zama, ni kuwa ina gindin doguwar sandar eriya wajen mutumin da ke murɗa ta, ana yi masa ihu daga ciki: "Ya fito! A'a, koma baya kaɗan!" Da na gama firamare na roƙi mahaifina ya bar ni in tafi makarantar koyon sana'a. So yake in gaje shi a rumfar hatsi, amma da ya ga na kafe sai ya ce, "Je ka, Allah ya yi albarka. Ka riƙe abin da hannu biyu."

A farkon shekarun 1980 aka ɗauke ni aiki a wata tasha a Arewa. Lokacin talabijin ya kwana biyu a ƙasar. An buɗe ta Ibadan a 1959, ta Kaduna a 1962, a 1977 kuma gwamnatin soja ta tattara tashoshin a ƙarƙashin NTA. Da farar hula suka dawo sai wasu jihohi suka sake kafa nasu, irin CTV ta Kano da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa, wadda yau ake kira ARTV.

Babban aikin ɗakinmu shi ne ƙarfe tara na dare, lokacin da ake haɗewa da Legas don labaran ƙasa. Mai kallo a gida yana ganin abin da sauƙi, alhali tafiya ce mai nisa. Daga sitidiyo a Legas hoton zai je tashar ƙasa, a cilla shi zuwa tauraron ɗan'adam na Intelsat da ke tsaye saman tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786. Daga can ya sauko kan babban dish na tashar ƙasa da ke babban birnin jiha, domin a shekarun 1970 gwamnati ta gina irin waɗannan tashoshi a jihohi 19 na lokacin. Sannan a miƙo mana shi ta maikurowef, wato ƙananan faranti biyu da ke kallon juna daga hasumiya zuwa hasumiya, ya shigo ɗakinmu, mu kuma mu tura wa tiransimita. Hawa da saukar nan kaɗai na cin kusan rubu'in daƙiƙa.

Tun da saura minti goma sha biyar muke zama. Legas za ta fara turo layukan kala da wani siririn ƙara mai kilohaz 1. Da su ake daidaita komai. Ƙarfin hoton dole ya tsaya a bolt ɗaya cif a kan na'urar awo: kashi bakwai cikin goma na haske, kashi uku na bugun da ke riƙe hoto kada ya zame. In ya haura, farar rigar mai karanta labarai ta ƙone, ƙara ya shiga murya. In ya gaza, fuska ta yi duhu. Sai kuma a kulle bugun injinanmu da na Legas. Ranar da aka kasa kullewa, ana danna maɓalli hoton zai riƙa gangarawa a kowane gida na ɗan lokaci, kuma washegari sai an kira mutum ofis. Tsarin hoton kala namu PAL ne, layi 625, hoto 25 a daƙiƙa. Nijar kuwa a lokacin wani tsarin daban mai suna SECAM take amfani da shi, shi ya sa mutanen bakin iyaka da ke kamo Télé Sahel suke ganinta baƙi da fari, sau da yawa ba murya, sai mai akwatin da ke karɓar tsari biyu.

Abubuwan da ke yanke mana hoto sanannu ne. Ɗauke wuta na gaba, domin kafin janareta ya tashi tiransimita mai fitilu ya sake ɗumi an yi asarar mintuna. Maikurowef na raunana in yanayin iska ya sauya, ko iska ta ɗan karkatar da faranti a kan hasumiya. Akwai kuma abin da ba mai maganinsa: sau biyu a shekara, cikin watan Maris da ƙarshen Satumba, rana kan zo daidai bayan tauraro, hayaniyarta ta danne sigina na 'yan mintuna da rana tsaka, kwanaki kaɗan a jere. In ya faɗo kan wani shiri na kai tsaye sai dai a saka katin neman afuwa a jira rana ta gota.

Wannan duk labarin Legas ne da na duniya, kuma ko da wahala yana isowa a daren. Labarin gida shi ne mai wuyar, shi ne kuma na fi ƙauna. Fita ɗaukar labari mutum uku take ci bayan ɗan rahoto: mai kamara, mai rataye da rikoda ta U-matic da wata kakkaurar waya ta haɗa su, sai mai fitila. Ƙaramin kaset na fita minti 20 kawai yake ɗauka, batir kuma in ya tsufa ko kaset ɗaya ba ya gamawa. Kafin a fara sai an nuna wa kamara farar takarda a cikin hasken wurin, in ba haka ba duk wanda aka ɗauka a ɗakin taro zai fito kore ko ruwan ɗorawa. A dawo tasha a shiga ɗakin tacewa: injin biyu, ɗaya na kunnawa ɗaya na naɗa. Kowane yanka sai injinan sun koma baya daƙiƙa biyar sun taho tare. Ba a cusa hoto a tsakiya a matsar da saura, in edita ya sauya ra'ayi kan farkon labari sai a sake daga wurin. Duk kwafin da aka sake kuma kala na ƙara dusashewa.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar injinan nan. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan bakin da ke karanta kaset ta isa ta cika hoto da farin zane. Ana goge shi da tsabtataccen sifirit da fata mai laushi, a danna ta a hankali ana juya gangar da bakin ke jikinta da yatsa, gefe zuwa gefe. Ba a gogewa sama da ƙasa, ba a kusantar da auduga, domin bakin siriri ne ƙwarai, zare ɗaya ya maƙale ya karye, kuma sai daga waje ake sayo shi.

Mota ɗaya ce ko biyu a tashar, kuma duk inda gwamna ya nufa can suke. In ambaliya ta ci wani ƙauye ko gobara ta tashi a kasuwar ƙaramar hukuma, sai wakilinmu ya nemi mai kamarar biki ya ɗauka a VHS, a naɗe kaset ɗin a leda a ba direban motar haya. Wani lokaci sai bayan kwana biyu yake isowa. Na sha tsayawa a tashar mota da yamma ina jiran kaset, raina na suya, domin na san a daren nan za mu nuna taron da aka yi a Amurka ɗazu, amma mutanen da ke kwana a makarantar firamare saboda ruwa ya cinye gidajensu, tafiyar awa uku daga inda nake tsaye, ba wanda zai gan su.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu naira ta faɗi, sabon kaset ya zama abin nema. Sai aka koma goge tsofaffi. Akwai wani akwatin maganaɗisu, a ɗora kaset a kai, a danna, a juya shi, cikin daƙiƙu komai ya tafi. Da hannuna aka sa na goge hawan salla na shekaru, da wasannin makaɗan da yanzu duk sun rasu, da hirarrakin dattawan da suka ga zuwan Turawa da idonsu. Na taɓa ce wa shugaban sashenmu, "Yallaɓai, wannan fa ba za a sake samun irinsa ba." Ya ce, "Na sani, Malam. To da me za mu fita gobe?" Gaskiya ya faɗa, ba shi da wani kaset. Har yau in na tuna ƙarar akwatin nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

A watan Janairu na 1991 aka fara yaƙin Tekun Fasha, masu hali suka ga CNN na nuna Bagadaza kai tsaye, kowa ya so dish a gidansa. Na fara ɗaurawa ranakun hutu. Da albashi ya koma zuwa a makare, daga bisani aka rage ma'aikata sunana na ciki, sai na rungumi sana'ar gaba ɗaya. Ranar da aka miƙa mini takardar ban iya cin abinci ba. Ba kuɗin ne kaɗai ba, ƙarfe tara na yi sai in ji hannuna na neman maɓalli.

Dish na lokacin na zangon C ne, mai karɓar gigahaz 3.7 zuwa 4.2, faɗinsa mita biyu da rabi zuwa uku ko fiye, yawanci na raga, masu walda na gida ma suna ƙera shi. Aikin daga rami yake farawa. A haƙa kusan mita ɗaya, a kafa bututun ƙarfe mai kauri da aka yi wa fiffike a gindi don kada ya juya cikin kankare, a duba shi da ma'aunin ruwa ta fuska biyu, a bar siminti ya kwana uku. In sandar ta karkace ko kaɗan, za ka kama tauraro ɗaya da kyau amma sauran su ɓace. Inda LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish tana karɓar sigina, zai zauna lissafi ne: a ninka faɗin dish da kansa, a raba da zurfinsa sau 16. Dish mai santimita 300 da zurfin 50, LNB zai tsaya santimita 112 da rabi daga tsakiya. Ana gane dish ya murɗe ta hanyar ja masa zare biyu a gicciye daga baki zuwa baki. In zaren suka taɓa juna a tsakiya lafiya lau, in akwai tazara sai an kwance an sake ɗaure haƙarƙarinsa.

Mu da ke kusa da tsakiyar duniya taurarinmu a sama suke sosai. Daga Kano, alal misali, Arabsat da ke digiri 26 gabas yana wajen digiri 65 daga ƙasa, ta kudu maso gabas. Don haka dish ɗinmu yana kallon sama kamar ƙwaryar da aka ajiye tarar ruwa, yana tara ƙura da ganye, tsuntsaye da zanzaro kuma na gida a bakin LNB. Mai son tashoshi da yawa sai a sa masa hannu mai mota na bolt 36 da ke tura dish daga gabas zuwa yamma. Cikinsa akwai ɗan maɓalli mai ƙirga juyi, in ruwa ya shige shi lissafin ya rikice, ka nemi Saudiyya ya kai ka wani wuri. Risiba ta analog kuwa daban ake nemo hoto daban ake nemo murya. In ka ga tartsatsi fari ko baƙi a hoto, ko saiti ya ɗan kauce ne ko sigina ya yi rauni. Mafi yawan kiran gyara da na amsa daga kan kebul suke: an bar mahaɗin a buɗe, ruwan damina ya bi cikin wayar, jan ƙarfen ya yi tsatsa.

Shekarun nan an samu alheri. Gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, da zinaren da Najeriya ta ci a Atlanta a 1996, da masu son ganin tarawihi da aikin hajji daga Makka kai tsaye, duk sun kawo aiki. Na ɗauki yara, na kama shago, na karɓi risiba da LNB masu yawa bashi daga wani ɗan kasuwa, na sa aka ƙera mini manyan dish na jera.

Sai dijital ta shigo. DStv ta fara a 1995, daga nan tashoshi suka riƙa barin analog ɗaya bayan ɗaya, saboda gurbin da ke ɗaukar tasha ɗaya a tauraro yanzu yana ɗaukar tashoshi da dama. Wani zangon sigina da ake kira Ku ya kawo ƙaramin faranti da yaro ɗaya zai maƙala a bango cikin awa guda. Kullum sai wani ya zo ya ce tasha kaza ta ɓace, in je in duba in tarar ba abin da ya lalace, tashar ce ta tashi. Kayan da ke shagona suka koma ba mai taya su ko da rabin kuɗi, bashi kuwa yana nan yadda yake. Na sayar da filin da na saya don ginin iyali na biya wani ɓangare.

Ana cikin haka na hau wani rufi kwance tsohon dish, kwanon ya riga ya ruɓe ta ƙasa, ya burma da ni, ƙashin cinyata ya karye kusa da ƙugu. Na yi watanni a kwance. Ciwon ƙafa bai kai ciwon zuciya ba. Ina ji mai bashi na sallama a ƙofar gida, ina jin uwargida na ba shi haƙuri da muryar da ba ta saba yi wa kowa ba. Ita ta riƙe gidan da keken ɗinki, ta cire 'yan kunnenta ta sayar aka biya kuɗin makarantar yara. Wata rana da dare na ce mata ina ganin tawa ta ƙare a wannan sana'a. Ta ce, "Maigida, ƙafa ce ta karye. Abin da ke kanka yana nan." Na yi shawarar komawa garinmu in zauna a rumfar hatsi, har na aika wa ƙanena, amma zuciyata ta ƙi.

Wani yaro da na koya wa aiki shi ya riƙa zuwa da risibar dijital yana ajiye mini a gefen katifa. Da farko abin ya yi mini nauyi, ni da na koya masa riƙe sukudireba. Ya ce, "Oga, ai duk abin da ka sani ne, lambobi kawai aka ƙara." Haka ne kuwa. Sai ka ba risiba mitar tasha, da saurin alama irin 27500, da tsayuwar sigina a tsaye ko a kwance, wadda risiba ke zaɓa ta hanyar tura bolt 13 ko 18 cikin kebul, da ƙaran kilohaz 22 da ke sauya LNB tsakanin megahaz 9750 da 10600. Bambancin da ya fi ba ni wuya shi ne analog na yi maka gargaɗi, hoto na lalacewa a hankali kana bin sa har ka gyara. Dijital kuwa ko hoto tas ko babu. Don haka layin inganci ake kallo a allo, ba layin ƙarfi ba, kuma a bar masa rara saboda hadari, domin ruwan sama na cin siginar Ku fiye da yadda yake cin ta C. Da na miƙe da sanda na daina hawa sama. Yara ke hawa, da igiya a ƙugu da katako a shimfiɗe kan layin ƙusa, ni ina ƙasa riƙe da na'urar awon sigina. A hankali na biya sauran bashin, Alhamdu lillahi.

Yau tashoshin Hausa na kan tauraro, Arewa24 ta fara a 2014, an fara sauya watsa shirye-shiryen ƙasa zuwa dijital daga Jos a 2016, kuma ambaliyar ƙauye na shiga Facebook kafin ruwan ya janye. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai. Abin da ya rage mini shi ne na baya. Ba duk kaset aka goge ba. Akwai su a ɗakunan ajiya na tashoshi, da akwatunan tsofaffin ma'aikata, da gidajen sarauta, da wajen iyalan masu ɗaukar biki, kuma suna mutuwa a hankali. Aikin da nake yi ke nan yanzu da tsofaffin injina biyu da na harhaɗa daga gawarwakin wasu.

Wanda duk ya samu irin wannan kaset, don Allah kada ya cusa shi cikin inji don ya ga abin da ke ciki. A fara duba ta tagar kaset ɗin. In akwai farin gari ko zare-zare a gefen naɗin, fumfuna ce, sai an buɗe an share ta a waje da takunkumi a hanci. In yana warin kakin zuma ko naɗin ya manne, to gam ɗin da ke riƙe maganaɗisun ya sha danshi, kuma ana kunna shi zai kankare ya toshe bakin inji, hoton ya tafi har abada. Irin wannan ana gasa shi a na'urar busar da abinci mai ma'aunin zafi, digiri 50 zuwa 55, na tsawon yini, ba a murhun gas ba, ba a rana ba. A bar shi ya huce kwana guda, sannan a juya shi gaba da baya sau ɗaya, a kunna a naɗa a kwamfuta tun a karon farko, domin gyaran na ɗan lokaci ne. A bi da hoton ta na'urar daidaita bugu don kada ya yi rawa, a ɗauke shi a 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, kada a matse shi don ya shiga waya sai an ajiye na asali. A yi kwafi biyu a ajiye a gida biyu.

Kaset ɗin kansa kada a yar. A ajiye shi a tsaye cikin kwalinsa, a ɗaki mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika da injin mai maganaɗisu. A kuma nemi dattijon da ya san mutanen da ke ciki tun yana raye, a zauna da shi a kalla tare, a rubuta sunan gari da shekara da taron da aka yi da waɗanda suka bayyana, a liƙa a jikin kwalin, a kuma saka a sunan fayil ɗin.